Yaron da ke rawa a goshin jirgi

Wata ranar Talata ce cikin watan Oktoba na 2025, makonni kaɗan bayan komawa makaranta. Na fito daga aji lokacin shan iska sai na tarar da taro a gindin bedi. Yara shida sun jawo benci sun hau shi a jere kamar masu hawan jaki, kowanensu na riƙe da littafi yana tuƙi da shi a iska. A bakin bencin kuwa wani ɗan ƙaramin yaro ya miƙe tsaye, ya sanya baƙin tabarau na aro, fuska a ɗaure, yana juya hannuwa a hankali, ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya kaɗa su kamar mai korar hayaƙi. Na takwas ɗinsu yana gefe yana ɗaukar su da salula.

Dokar makarantarmu ta hana shigowa da salula, saboda haka na miƙa hannu na karɓe. Sannan na tambaye su:

"Wannan rawar ina ce?"

"Ta TikTok ce, Mushe."

"TikTok ba gari ba ne. Na ce ta wace ƙasa ce?"

Ɗaya ya ce ta Sin ce, ɗaya ya ce ta Indiya, na uku ya ce shi dai ƴan ƙwallon PSG ya gani suna yin ta. Na buɗe baki na yi musu dogon faɗa a kan kwaikwayon abin da mutum bai san asalinsa ba. Suna saurare, kai a sunkuye. Da na ƙare, mai salular ya ɗago kai cikin ladabi ya ce: "To Mushe, ta ina ce?" Allah ya taimake ni aka buga ƙararrawa. Na ce su shiga aji. Gaskiyar magana ita ce ni ma ban sani ba.

A daren nan ƴata ta fari ta nemo mini asalin hoton, tana dariyar yadda nake lalube. Daga Indunisiya ya fito. A tsibirin Sumatra, cikin lardin Riau, akwai wani kogi mai suna Kuantan, kuma kowace shekara cikin watan Agusta mutanen yankin Kuantan Singingi suna yin tseren jirage a kansa, suna kiran bikin Pacu Jalur. Kowane jirgi daga gungumen itace guda ake sassaƙo shi, tsawonsa yakan kai mita 25 zuwa 40, matuƙansa daga 40 zuwa 60. Jirgin na ƙauye ne dungum: tare ake zaɓen itacen, tare ake jawo shi daga daji, tare ake jin kunya idan an sha kaye. A da, lokacin bukukuwan Musulunci ake yin tseren. Zamanin mulkin Holan aka mai da shi na ranar haihuwar sarauniya Wilhelmina, bayan samun ƴancin kai kuma ya koma na murnar ranar ƴanci. Yaron da ke tsaye a goshin jirgi aiki yake yi: an zaɓe shi don ba shi da nauyi, rawarsa tana ƙara wa matuƙa ƙaimi, tana kuma sanar da ƴan kallo na bakin gaɓa cewa jirginsu yana gaba. Wanda hotonsa ya zagaye duniya a tsakiyar 2025 shekararsa 11, kuma gwamnan lardin ya naɗa shi jakadan yawon buɗe ido.

Duk wannan bai iso Damagaram ba. Daƙiƙa ashirin ne suka iso: tabarau, hannuwa, fuskar da ba ta dariya. Kogin da ƙauyen da mutum hamsin masu zufa a bayansa, an bar su a hanya.

Na jima ina tunanin Indunisiya ƙasa ce mai nisa wadda ba abin da ya haɗa mu da ita sai taswirar da ke rataye a ofishin malamai. Ashe a cikin gidana take. Atamfar da uwargida ke ɗaurawa jikar rinin kakin zuma ce na tsibirin Jawa, wanda suke kira batik. Ƴan kasuwar Holan ne suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19, bai karɓu a can ba, sai ya sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Taliyar Indomie da yara ke kuka a saya musu, sunanta ma ya faɗi asalinta. Alhazanmu kuwa ba wanda ya dawo bai ba da labarin mutanen nan masu tafiya a jere da tufafi iri ɗaya ba, domin kujeru 221,000 aka ware wa ƙasarsu a hajjin 2025. Mun daɗe muna karɓar kayan Indunisiya ba tare da sunanta ba. Rawar yaron ta biyo tsohuwar hanya ce, sai dai ta fi sauri.

Kunyar da na ji a gindin bedi ita ta sa na yi makonni ina karatu da kallo. Abin da ya riƙe ni, a matsayina na mai koyar da harsuna biyu, shi ne batun harshe. Indunisiya tana da tsibirai fiye da 17,000 da harsuna fiye da 700, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 270. Wajen kashi 40 cikin ɗari mutanen Jawa ne. Duk da haka, ranar 28 ga Oktoba 1928, lokacin da matasa masu neman ƴanci suka taru suka yi alkawarin ƙasa ɗaya da al'umma ɗaya da harshe ɗaya, ba Jawanci suka zaɓa ba. Sun ɗauki harshen Malay, na kasuwa da tashoshin jiragen ruwa, suka sa masa sunan ƙasar. Makaranta ta yaɗa shi, talabijin ta ƙarasa aikin. An buɗe tashar gwamnati TVRI a 1962, aka harba tauraron ɗan Adam Palapa a 1976 don hoto ya kai tsibirai masu nisa, kuma ita kaɗai ke magana har 1989, shekarar da tasha mai zaman kanta ta farko, RCTI, ta fara aiki. Daga nan aka shiga zamanin wasannin kwaikwayo masu dogon zango da suke kira sinetron. Ɗaya daga cikinsu, Tukang Bubur Naik Haji, wato mai sayar da kunun shinkafa ya tafi hajji, ya gudana daga 2012 zuwa 2017, kashi fiye da 2,000. Akasarin waɗannan wasanni a Jakarta ake shirya su, da bakin Jakarta da gidajen Jakarta. Mutumin ƙauye idan ya fito, galibi ɗan aiki ne ko direba ko abin dariya, ana gane shi da karin harshensa.

Wannan ya yi mini kama da wani abu da na sani. Ina yaro, idan aka kunna talabijin a ƙofar gidan mai unguwa, labarai na gaske da Faransanci ake karanta su, namu kuwa taƙaitawa ce ke biyo baya. Ba wanda ya ce mana harshenmu ƙarami ne. Jerin shirye-shiryen ne ya faɗa mana.

A Indunisiya kiɗa ne ya fara tsaga wannan katanga. Suna da wani kiɗan talakawa, dangdut, wanda sunansa kwaikwayon amon ganga ne, kuma ya sha daga waƙoƙin Malay da na Larabawa da na finafinan Indiya. Duk Bahaushen da ya girma da finafinan Indiya, ya kuma ga yadda suka shiga finafinan Kano, zai gane amon da jin farko. Rhoma Irama, wanda ya kafa ƙungiyar Soneta a 1970, shi ya ɗaukaka shi, ya sa masa jita ta zamani da wa'azi. A 2003 sai ga wata mawaƙiya daga gabashin Jawa, Inul Daratista, ta cika ƙasar da rawar da malamai da shi Rhoma Irama suka yi tir da ita. Kafin wata tasha ta gayyace ta, faya-fayan bidiyo na satar fasaha da aka ɗauka a wuraren biki sun riga sun kai ta ko'ina. Mu ma mun yi irin wannan gardama a kan rawa da waƙa a finafinanmu, kuma ba ta ƙare ba. Abin lura a nan shi ne masu tsaron ƙofa sun farka sun tarar baƙuwa ta riga ta shiga ta taga.

Da YouTube ya zo, taga ta zama ƙofar gari. A 2010 wasu ƴan mata biyu, Sinta da Jojo, suka zauna gaban kwamfuta suna motsa baki a kan wata waƙar dangdut, ƙasar duka ta kalla. A 2011 wani ɗan sanda a Gorontalo, Norman Kamaru, yana zaune a bakin aiki da kakinsa, aka ɗauke shi yana kwaikwayon Shah Rukh Khan a waƙar Chaiyya Chaiyya ta fim ɗin Dil Se, waƙar da ni ma na sha ji a gidajen kallo na Damagaram ina saurayi. Cikin kwanaki ya zama tauraro. A watan Disamba na 2016 yaran Jepara da ke tsayawa bakin hanya suna roƙon direbobin safa su busa musu oda mai kiɗa suka zama zancen duniya. A 2019 Atta Halilintar ya zama na farko a kudu maso gabashin Asiya da ya tara mabiya miliyan 10 a YouTube. Taurarin talabijin da kansu suka fara ƙaura, suna buɗe tashoshinsu a intanet.

Da abin ya tsaya nan, da na rufe littafin na ce shirme ne mai yawa. Amma ta wannan ƙofa wani abu ya dawo wanda talabijin ta daɗe da turawa gefe, shi ne harshen gida. Didi Kempot, mawaƙin Jawanci daga birnin Solo, ya fara ne da waƙa a bakin titi, ya yi shekaru yana waƙar rabuwa da tashoshin jirgin ƙasa, har jikokin leburorin Jawa da ke Suriname suka san shi. Matasan birni kuwa suna ganin waƙarsa ta iyaye ce da ƴan ƙauye. A 2019 hotunan wasanninsa suka bazu a intanet, sai ga ɗaliban jami'a, ciki har da waɗanda ba su jin Jawanci, sun cika fili suna rera waƙoƙinsa suna kuka. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2020 yana tsakiyar wannan ɗaukaka ta biyu. A bayansa matasa irin su Denny Caknan suka taso suna waƙa da Jawanci ba tare da neman uzuri ba. Bayu Skak, wanda ya fara da barkwanci da Jawancin Malang a YouTube, ya fitar da fim ɗin Yowis Ben a 2018, yawancinsa da wannan harshe, aka nuna shi a manyan gidajen silima. Har wasan inuwa na wayang, wanda mai wasa guda ke kwana yana motsa ƴan tsanan fata a bayan farin ƙyalle, ya sami sababbin ƴan kallo: Ki Seno Nugroho na Yogyakarta ya riƙa watsa wasanninsa kai tsaye, dubbai suna kwana tare da shi ta salula, har rasuwarsa a Nuwamba 2020.

Wanda ya fi shiga raina ɗan gajeren fim ne mai suna Tilik, kalmar Jawanci da ke nufin dubiya. Wahyu Agung Prasetyo ya shirya shi a 2018, aka sa shi a YouTube ranar 17 ga Agusta 2020, kuma kafin watan ya ƙare an kalle shi fiye da sau miliyan 10. Tsawonsa rabin sa'a da ɗan ɗori. Matan wani ƙauye ne suka hau bayan akori-kura a tsaye, za su asibiti duba shugabar ƙauyensu, kuma tun daga tashi har isa ba abin da suke yi sai zancen wata budurwa mai suna Dian. Jagorar gulmar, Bu Tejo, hujjarta salula ce: ta ga hotunan yarinyar a intanet, tana nuna wa kowa. Wata mata guda tana ta jan hankalinsu cewa a tabbatar da labari kafin a yaɗa shi. A ƙarshe ba a bar su sun ga mara lafiyar ba, suka juya zuwa kasuwa, fim ɗin kuma ya nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya a zargin mai gulmar. Wannan ƙarshe ya jawo muhawara mai zafi a can, wasu na cewa an ba gulma nasara.

Tare da uwargida muka kalle shi, muna bin fassarar da ke gudana a ƙasan hoto. Ba a yi minti biyar ba ta daina karanta fassarar. Ta ce: "Malam, bar ni da rubutun nan. Ai na san matar. Tare muka je barka makon jiya." Ba ta jin kalma ɗaya ta Jawanci, amma ta gane murguɗa baki da gyara awarwaro da yadda ake cewa "ni dai ban ce komai ba" bayan an faɗi komai. Na zauna ina tunani: fim ɗin da bai bar ƙauyensa ba, bai canza harshensa don a fahimce shi ba, shi ne ya iso ɗakinmu da kayansa cikakku. Rawar jirgi ta fi shi tafiya nesa, amma ta iso tsirara.

Kada ƴan uwana malamai su ɗauka na zama mai yabon salula. Kasuwar nan ba ta da tausayi, domin ido take saye, kuma ba ta tambayar abin da ya jawo idon. Norman Kamaru ya rasa aikin ɗan sanda a ƙarshen 2011, tauraronsa ya dushe, bayan ƴan shekaru aka ba da labarinsa yana sayar da abinci a Jakarta. A watan Yuli na 2018 gwamnatin Indunisiya ta toshe TikTok na kimanin mako guda saboda abubuwan da ta ce ba su dace da yara ba. A watan Oktoba na 2023 aka rufe kasuwar da ke cikin manhajar bayan ƙorafin ƙananan ƴan kasuwa, irin na kasuwar tufafi ta Tanah Abang, sannan ta dawo a Disamba ta hanyar haɗin gwiwa da kamfanin Tokopedia. Mafi muni shi ne abin da ya fito daga tsibirin Lombok a Janairu 2023: tsofaffin mata zaune cikin ruwan taɓo da dare, ana nuna su kai tsaye, suna kwara wa kansu ruwa suna rawar ɗari duk lokacin da wani mai kallo ya aiko da kyautar da ake canzawa kuɗi. Sai da ministar jin daɗin jama'a, Tri Rismaharini, ta fitar da takardar hani. Ƙofar da ta dawo da Didi Kempot ita ce ta zaunar da kakar wani a cikin taɓo. Kuma ba na shakka akwai matashin da ya riƙe mata salular yana ganin taimakonta yake yi.

A nan ne zancen ya dawo kaina. Ina da gwaggo wadda ta rasu a 2009. Ta iya waƙoƙin niƙa da na daɓe da tatsuniyoyin da ban ƙara jin irinsu a bakin kowa ba. A shekarun nan ina da rediyo mai ɗaukar kaset, kuma na cika kaset fiye da talatin da shirye-shiryen Faransanci don in riƙa yi wa ɗalibai shifta. Ko sau ɗaya ban ajiye rediyon a gabanta ba. Ba ƙi na yi ba. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa muryarta abin ɗauka ce. Yau ina tsayawa gaban aji ina koyar da adabin baka daga littafi, alhali rumbun da ke gidanmu na bari ƙasa ta rufe shi. Ni ne kuma na tsaya a gindin bedi ina yi wa yara faɗa a kan rashin sanin asali.

Ranar Litinin na mayar wa yaron salularsa. Na shiga ajinsu na zana tsibirin Sumatra a allo, na ba su labarin kogin da itacen da matuƙan. Na ce musu ranar da suka tambaye ni ban sani ba. Sannan, da izinin shugaban makaranta, na ba su aikin gida: kowa ya ɗauki wani babba a gidansu ko unguwarsu na minti uku yana yin abin da ya iya, waƙa ko sana'a ko labari. Sharuɗɗa uku na kafa. A nemi izininsa, a faɗa masa inda hoton zai je. A bar shi ya faɗi garinsu da wanda ya koya masa. Kada a sa kiɗa a kan muryarsa.

Ba zan ce abin ya yi kyau duka ba. Fiye da rabin ajin ba su kawo komai ba, wasu don ba salula a gidansu, wasu don lalaci. Wani ya kawo kakansa da kunnuwan zomo da manhaja ta liƙa masa. Wata yarinya ta dawo hannu wofi, ta ce kakarta ta ce: "Ke dai so kike a yi mini dariya a duniya." Na tuna matan Lombok, na ce ta gaishe ta, ta gaya mata tana da gaskiyar yin tsoro. Amma an kawo dukawa suna jima, an kawo wani tsoho yana bayanin wasan kara, an kawo wata mai kitso tana kiran sunayen kitso goma sha ɗaya.

Wani yaro mai shiru ya tsaya bayan an tashi. Ya ce: "Mushe, tawa ba da Hausa ba ce. Kakata Barbarci kawai take waƙa da shi. Za a karɓa?" Na yi shiru kafin in amsa. Tun watan Maris na 2025 da dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa nake murna, kuma a duk karatun da na yi a kan Indunisiya na ajiye Hausa a gurbin Jawanci, harshen da aka tura gefe. Ban lura ba cewa a wurin wannan yaro Hausa ita ce harshen kasuwa da ya zama na kowa, ita ce bakin babban birni, ni kuma mai tsaron ƙofa. Na ce za a karɓa, da sharaɗin ya tsaya gaban aji ya fassara mana.

Ya tsaya ya fassara, muryarsa na rawa. Waƙar raino ce. Da ya ƙare, yaron nan mai baƙin tabarau, wanda ya yi rawa a bakin benci, ya ɗaga hannu ya tambaye shi sunan ƙauyen kakar tasa, da ko yana da nisa daga nan.